Darasi na 9: Dokokin ajiye kare, kyanwa da sauran dabbobi a cikin gari

Yau zamu karanta dokokin da hukumar gari take sawa duk wanda ya ajiye dabba a gida, kare ne ko kyanwa ko tsuntsu, kai har da wanda ya samo biri ya ɗaure a bayan ɗaki yana ganin abun burgewa ne. Ku karanta a hankali, wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba ya dinga bin layi da yatsa, in wata kalma ta tsaya maka ja mata layi a ƙasa, zamu dawo kanta.

Yawanci ba gwamnatin ƙasa ce take zama ta tsara ko karenka zai fita da igiya ko babu ba, ƙaramar hukuma ce ko majalisar gari, shiyasa dokar garinku zata iya bambanta da ta garin da ke maƙwabtaka da ku. Wani gari an ƙayyade karnuka nawa gida ɗaya zai ajiye, wani garin ba ruwansu da yawa indai kowanne yana da rajista. Amma in ka tattaro dokokin nan duka ka zube su zaka ga tambaya ɗaya suke nemawa amsa: dabbar nan ta waye, kuma in tayi ɓarna wa za a kama?

Rajista da lamba

Rajista ita ce ka je ofis a rubuta sunanka da adireshinka da kamannin dabbar, launinta, shekarunta, mace ce ko namiji, sai a baka takarda da wata 'yar lamba ta ƙarfe ko roba ka rataya mata a wuya. Wasu wuraren lasisi suke kiranta kuma duk shekara ake sabuntawa. Mutane da yawa gani suke wayo ne kawai na karɓar kuɗi, toh kuɗin dai ana karɓa ba musu, a Jamus ma haraji ne sosai ake biya akan kare, amma ranar da karenka ya tsinke igiya ya ɓata aka kama shi a wata unguwa, lambar nan ce kaɗai zata yi magana a madadinsa.

Yanzu an ƙara da wata 'yar na'ura ƙarama, tsawonta kusan milimita 12, likitan dabbobi ke sa ta da allura a ƙarƙashin fata wajen wuya ko tsakanin kafaɗu. Lamba ce a cikinta guda 15, in aka ɗora na'urar karantawa a jikin dabbar sai lambar ta fito, a duba kwamfuta a ga mai ita. Ba batir gareta ba, kuma bata nuna inda kare yake a taswira, kar wani ya ruɗe ku da cewa zaku dinga bibiyarsa a waya. A Ingila tun Afrilun 2016 dole ne kowane kare ya samu wannan na'urar, a 2024 aka haɗa da kyanwoyi. Abun da ake yawan mantawa shine in ka tashi daga gida ko ka canza lambar waya ko ka bayar da dabbar kyauta, sai ka koma an gyara bayanan, in ba haka ba wanda tsohon sunansa ke rubuce shi za a nema.

Allurar cutar haukan kare

Nan zamu daɗe.

Ƙwayar cutar tana cikin miyau, tana shiga jiki ta cizo ko yaƙushi ko kuma in dabba ta lashi wajen da kake da ciwo a buɗe, daga nan ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci wata 2 zuwa 3 take yi kafin alama ta fito, wani lokacin sati ɗaya, wani lokacin har shekara, ya danganta da nisan wajen cizon da ƙwaƙwalwa. Wannan jinkirin shine ke cin mutane, ciwo ya warke, yaro ya koma wasansa, kowa ya manta, sai wata rana zazzaɓi ya taso da firgita da tsoron shan ruwa, kuma da zarar alama ta fito kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, sannan har 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke ɗauka.

Abun takaicin shine allurar rigakafin ta daɗe. Tun 1885 wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, ya yiwa wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza allura ya rayu, shiyasa ranar mutuwar Pasteur ɗin, 28 ga Satumba, ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, kuma garuruwa da yawa a lokacin ne suke shirya gangamin yiwa karnuka allura, ku dinga sa kunne.

Kwikwiyo ana masa allurar farko yana wata 3, daga nan a dinga maimaitawa yadda likitan dabbobi ya rubuta a katin, wasu wuraren duk shekara wasu duk shekara 3. Katin nan ku adana shi tare da muhimman takardunku. Kyanwa ma ana mata, ita ma tana ɗauka tana bayarwa. Masana sun nuna in aka yiwa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura cutar bata samun hanyar yawo, da wannan Meziko ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa ta rabu da ɗaukar cutar daga kare zuwa mutum. Kunga ashe allurar da ka yiwa naka karen har ɗan maƙwabci take karewa, dalilin da yasa hukuma ta mai da ita dole kenan.

In kare ya ciji mutum, naka ne ko na wani, a wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, ku duba agogo dan minti 15 yafi yadda kuke zato tsawo, sannan a tafi asibiti a ranar, ba gobe ba. Kar a cusa komai a cikin ciwon. Sai a kai rahoto ofishin kula da dabbobi. Karen kuma a yawancin dokoki tsare shi ake yi kwana 10 ana lura da shi, dan in cutar ta riga ta kai miyansa a ranar da yayi cizon toh cikin kwanakin nan zai nuna alama ko ya mutu. Amma kwana 10 ɗin na kare ne, mutum baya zama jiran sakamako kafin yaje asibiti. Wani abu kuma, ba kowane mai cutar ne yake hauka yana bin mutane ba, wani shiru zai yi, baki a sake, miyau na zuba, sai mai shi ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa ya zura hannu zai ciro. Kar ku kuskura.

Karatu tsakanin mutum biyu

Mutum biyu su tashi, ɗaya ya zama dattijon maƙwabci, ɗaya matashi mai kare.

Sannu da hutawa Baba.
Yauwa ɗana, dama kai nake nema, karen nan naka jiya ya yaƙushi jikata a ƙafa.
Subhanallahi, Baba ayi haƙuri, an kai ta asibiti?
An wanke an kai ta, likita ne yace in tambaye ka katin allurarsa.
Yanzun nan zan ɗauko Baba, kuma zan ɗaure shi in sanar da ofis su zo su duba shi.
Toh madalla, ka gyara ƙofar nan taka kuma, ta nan yake fita.

Ku lura matashin bai tsaya musun cewa karensa baya cizo ba. Kowane mai kare haka yake cewa.

Igiya, haushi da kashi

A waje kare yana tafiya ne da igiya a hannun wanda zai iya riƙe shi, bawai a baiwa yaro ɗan shekara 7 ƙaton kare yana jansa ba. Wanda aka san shi da kai hari ana sa masa takunkumi a baki, wasu ƙasashen ma sun hana ajiye wasu irin karnuka gaba ɗaya, kamar dokar karnuka masu haɗari da Birtaniya tayi a 1991, wadda a 2014 aka faɗaɗa ta a Ingila har ta shafi harin da kare ya kai a cikin gidan mai shi. Ni a ganina irin kare ba shine babbar matsala ba, yadda aka rene shi ne, karen da ya tashi a ɗaure da gajeriyar sarƙa dare da rana ba mai kula shi, ko wane iri ne mugu zai zama. Asarar da dabba tayi kuwa, ta ciji mutum ko ta kashe kajin wani ko ta jawo haɗarin babur, mai ita ke biya.

Haushin dare ma ana kai ƙara akansa, yawanci gargaɗi ake fara yi sannan tara. Kashi kuma ka kwashe abunka, akwai tsutsar ciki da ƙwanta ke zama a ƙasa daga kashin kare da kyanwa, yaro yayi wasa da ƙasar ya kai hannu baki, wani lokacin har ido take taɓawa. Mai juna biyu ta bar wa wani kwasar kashin kyanwa, akwai wata cutar a ciki da ke iya illata jaririn.

Dabbobin da ke yawo ba mai su

Karya tana ɗaukar ciki kusan kwana 63 kuma zata iya haihuwa sau biyu a shekara, kyanwa tun tana wata 4 zata iya ɗaukar ciki. Mai gida ya ga 'ya'ya sun masa yawa sai ya zuba su a kwali ya ajiye a bola, waɗanda suka rayu su ne gobe ke bin mutane a lungu, ba allura ba mai su. Shiyasa zubar da dabba laifi ne a wurare da dama, kuma hukumomi suke ƙarfafa a yiwa namiji dandaƙa mace kuma a mata aikin hana haihuwa a asibitin dabbobi, wasu garuruwan har rage kuɗin lasisi suke yiwa wanda yayi.

In ma'aikata suka kama dabba tana yawo, ana kai ta wajen tsarewa a ajiye na wasu kwanaki da doka ta ƙayyade, mai ita yazo da shaida ya biya tara da kuɗin ciyarwa ya tafi da ita. In kwanakin suka wuce ba wanda yazo, hukuma na iya bayar da ita ga wani ko ta kashe ta, dan haka ranar da dabbarka ta ɓata ranar zaka je cigiya.

Sa guba a unguwa dan a rage karnuka kuwa, banda kasancewarsa laifi a wurare da yawa, baya ma aiki. Guba bata tantance mai allura da mara allura, tana kashe kyanwa da ungulu, yaro ma zai iya tsinta, kuma indai bola na nan cike da abinci wasu karnukan zasu zo su maye gurbi cikin ɗan lokaci. Indiya a 2001 ta kafa tsarin a kama karen titi a masa aikin hana haihuwa da allura a mai da shi inda aka kama shi. Ka ga kare mai alamar ciwo ko mushe a hanya, kira ofis, kar ka taɓa.

Namun daji

Biri, maciji, kada, kura, waɗannan yawanci sai da izini na musamman ko kuma an hana su kwata-kwata. Akwai yarjejeniyar duniya ta CITES da aka sa wa hannu a 1973 akan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma tun farkon 2017 aku mai toka-toka da jan wutsiya ya shiga jerin waɗanda aka hana kasuwancin na dajinsu zuwa ƙasashen waje. Kafin ka sayi irin waɗannan ka nemi takarda.

Dabbar ita ma doka ta bata haƙƙi, abinci da ruwa da inuwa da magani in bata da lafiya, duka ko barinta da yunwa ko haɗa karnuka faɗa dan caca duk ana hukunta mutum akai a ƙasashe da yawa.

Aikin rubutu

Ku buɗe littafinku ku zana fom kamar na ofis, ku rubuta waɗannan a gefen hagu ku cike a dama: sunan mai dabba, adireshi, lambar waya, irin dabba, mace ko namiji, launi, shekaru, ranar allura ta ƙarshe, ranar allura ta gaba. Wanda bashi da dabba ya cike da ta maƙwabci ko ya ƙirƙira. Kwanan wata da lamba zaku rubuta, rana sannan wata sannan shekara.

Lissafi: an haifi kwikwiyo ranar 5 ga Maris, a wane wata za a masa allurar farko? Kare yayi cizo ranar 12 ga wata, wace rana kwanakin lura zasu cika? Unguwa mai karnuka 50, guda nawa ne kashi 70 cikin 100?

Kafin zama na gaba ku kasu uku-uku, kowane rukuni yaje ofishin ƙaramar hukuma ko asibitin dabbobi mafi kusa ya tambayo ina ake rajista, kwana nawa ake tsare dabbar da aka kama, da lambar da ake kira in kare ya ciji mutum. Ku rubuto amsar da hannunku, mutum ɗaya daga kowane rukuni zai karanta mana a gaban aji.