Yadda za ka san girman amf ɗin da za ka ɗauka in za ka kaɗa bes a ƙaramin joyin

Duk mai kaɗa bes, wato jita mai kaurin sauti, a Jos ya san irin wannan aikin. A kira ka tsakiyar sati a ce akwai wasa ranar Asabar da yamma a wani ɗan joyin ta wajen Rayfield ko West of Mines, mutane ba za su wuce sittin ko tamanin ba, kuɗin kuma ba wani na a zo a gani ba. Sai ka tsaya kana kallon kayanka, ɗan kombon da kake firaktis da shi a ɗaki, wato amf, na'urar ƙara sauti, haɗe da sifikarsa a akwati ɗaya, za ka ɗauka, ko ka je ka yi hayar babban akwati ka biya keke biyu. Yawancinmu daga lambar wat da ke jikin amf, wato ma'aunin ƙarfinsa, muke fara lissafi, ni kuwa a wurina wannan lambar sai can baya take zuwa, bayan ka san wurin ka san mai dirom ɗinka.

Toh abu na farko, kar ka ajiye wayar sai ka yi tambaya. A cikin ɗaki ne ko a fili? Suna da sifikun kansu da miksa ko mu za mu kawo? In suna da su, akwai sabufa, wato ƙaton akwatin nan na ƙasa mai ɗaukar nauyin sauti, ko ƴan biyun nan ne kawai da ake ɗorawa a kan sanda dan murya? Wannan amsar ita ke raba komai gida biyu. In akwai sabufa da wanda ya iya miksa, amf ɗinka kai da mai dirom kawai zai yi wa aiki ku ji kanku, ka ja waya daga ramin DI da ke bayansa, wato mai fitar da sautin bes kai tsaye, zuwa miksa shikenan, wat 100 ma ya isa. In kuwa ƴan sifikun murya ne, kar ka tura bes a cikinsu, za ka shaƙe muryar mawaƙi kuma kai ma ba za a ji ka da kyau ba. A nan amf ɗinka shi kaɗai zai ɗauki ɗakin gaba ɗaya.

Maganar fili kuma ka ɗauke ta da gaske. A cikin ɗaki bango da ƙasa suna dawo maka da sautin ƙasa, taimako ne na kyauta. A gadin, wato wurin shaƙatawa na fili irin na Abuja, ko tsakar gida da aka jera kujerun roba ba abin da zai dawo, sautin tafiya yake yi kawai. Amf ɗin da ya cika ɗaki mai mutum tamanin, ka fito da shi waje sai ka ji kamar an rage shi rabi.

Na biyu, mai dirom. Wallahi shi ne ma'aunin, ba yawan jama'a ba. Dirom ba shi da maɓallin rage ƙara, in hannun mutum na da nauyi toh kowa a ban ɗin sai ya bi shi sama. In da konga da sheke da jita ta katako kawai za ku yi, kombo mai wat 40 zuwa 100 ya wadatar, har ka rage. In akwai cikakken dirom amma mai shi ya san kansa, yana iya sassauta hannu, wat 200 zuwa 300 da sifika ɗaya mai inci 15 ko biyu masu inci 10 shi ne daidai, kuma gaskiya wannan shi ne girman da zan ce kowane mai bes ya mallaka in zai sayi guda ɗaya tak. In mai dirom irin masu karya sanda ne, ga jita biyu ga kibod, ku na rege ne ko hailaif mai zafi, nemi wat 300 zuwa 500.

Kar ka kalli mai jita da ɗan amf ɗinsa na wat 30 ka ce kai ma haka. Tsirkiyar E ta bes tana kaɗawa ne a wajen 41 Hz, wato sau 41 a daƙiƙa, in mai tsirkiya biyar ce B ɗinta na sauka zuwa wajen 31 Hz, kunnen ɗan Adam kuma ba ya kama irin wannan sautin da sauƙi kamar yadda yake kama na tsakiya inda jita ke zaune, sifika kuma sai ta tura iska mai yawa kafin a ji shi. Shi ya sa tsofaffin hannu ke cewa mai bes ya riƙe ninki uku ko huɗu na wat ɗin mai jita.

Yanzu sai mu zo kan lambar. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, in ka ninka wat ba ka ninka ƙara ba. Daga wat 100 zuwa 200 desibel 3 kawai ka ƙaru a ma'aunin ƙara, za ka ji bambancin amma kaɗan ne. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sai wajen desibel 10, wato wat ɗin ya ninka sau goma. Dan haka wanda ke ta faman neman mai 350 ya bar mai 300 ɓata kuɗinsa yake. Abin da ke ƙara maka sauti da gaske shi ne yawan sifika. Ka ƙara akwati na biyu irin na farko, ka ƙara faɗin abin da ke tura iska, kuma amf ɗin ma zai saki ƙarin ƙarfi.

Juya amf ɗin ka karanta bayansa. Za ka ga an rubuta wat kusa da wata lamba, 4 ko 8 om, wato ma'aunin turjiyar sifika, in lambar ta yi ƙasa sifikar ta fi jan wuta daga amf. Yawanci babbar lambar da ake talla da ita ta om 4 ce. Misali kombon Fender Rumble 500, shi kaɗai da sifikunsa biyu na ciki wat 350 yake bayarwa, sai ka jona masa ƙarin akwati mai om 8 sannan ya kai 500 ɗin. Akwati biyu masu om 8 in aka haɗa su sun zama 4, lafiya lau. Biyu masu om 4 kuwa sun zama 2, kuma yawancin amf ba a yi su dan om 2 ba, zai yi zafi ya ɗauke a tsakiyar waƙa ko ya ƙone. Sannan in ka ga an rubuta PMPO da wata lamba mai ban tsoro irin dubu biyu a jikin ɗan akwati mara nauyi, share ta, lambar talla ce, RMS za ka nema, ita ke nuna ƙarfin da amf ke iya riƙewa a kai a kai.

Shawarata ka ɗan ɗara abin da kake buƙata, dalili shi ne, amf ɗin da aka murɗe har ƙarshe sautinsa fashewa yake, kuma wannan fashewar na iya cinye sifika. Kamar keke ne da aka cika wa kaya zai hau tudu, zai hau ɗin amma da kuka. Mai wat 300 da ke aiki a rabi ya fi mai 100 da ke ihu daɗin ji nesa ba kusa ba. Amma ɗara kaɗan na ce fa. Ampeg SVT da ya fito a 1969 wat 300 ne, kan kaɗai, wato amf ɗin ba sifika, ya kusa kilo 40, akwatinsa mai sifika takwas ya haura kilo 60, dan manyan dandali aka yi shi. Ka shigar da wannan ɗan joyin ka cinye wurin tsayuwar mutum biyu, mai wurin kuma zai zo ya ce ka rage tun kafin a gama waƙar farko. Na yanzu masu kilas D, wato ƙira mara nauyi, sun sauƙaƙa mana, Rumble 100 kilo 10 ne kawai, da hannu ɗaya za ka sa shi a keke, bes ɗinka na baya.

Sai wuta, wadda a nan ƙasar ba a tsallake ta. Tambayi da me za a yi wasan in an ɗauke, dan ƙaramin janareta irin na shago da ke ɗauke da firij da fitilu da miksa ba zai ji daɗin ƙarin babban amf ba, wutar za ta riƙa yin ƙasa duk sanda ka buga da ƙarfi. Ka tafi da sitabilaiza ɗinka da doguwar waya mai kauri. In amf ɗin tokumbo ne daga Amurka duba bayansa da kyau kafin ka jona, can 120 suke amfani da shi mu kuma 230, wasu na da maɓallin canzawa wasu babu sai da tiransifoma. In ka jona DI ka ji wani gurnani na fita a sifiku, danna ɗan maɓallin giraun lif da ke kusa da ramin, sau da yawa shi ke kashe shi.

Ka isa wurin da wuri. Inda ka ajiye amf na iya ba ka abin da wat ɗari ba zai ba ka ba. Kusa da bango yana ƙara nauyin sauti, lungu ya fi ƙarawa, in amf ɗinka ƙarami ne wannan riba ce. Amma a ɗaki mai tayil da gilas da rufin kwano lungu na iya maida komai gurnani, ba a gane wane not kake bugawa, sai ka jawo shi gaba kaɗan. Kuma kar ka bar shi a ƙasa yana yi wa ƙafafunka waƙa, kai kana cewa ba ka ji alhali na teburin baya sun gaji da kai. Ɗora shi kan kireti ko ka jingina shi ya kalli kunnenka.

Wajen gwaji, kowa ya buga tare, waƙar da ta fi zafi a jerinku. In waya ta kai ka sauka ka je tsakiyar ɗakin, in ba ta kai ba ba wa mai jita bes ɗin ya riƙe maka layi ɗaya kai ka zagaya. In ba a jin ka, hannu zai so ya tafi kan maɓallin bes na jikin amf, mai ƙara sautin ƙasa, kar ka bari. Ƙarin desibel 6 a can ƙasa ninki huɗu na ƙarfin amf yake ci, kuma ba zai fito da kai ba. Rage shi kaɗan ma, ka ɗaga na tsakiya, nan ne not ke fitowa fili. Ka kuma roƙi mai kibod cikin mutunci ya ɗauke hannun hagunsa daga can ƙasa, dan sau da yawa ba amf ne ya gaza ba, ku biyu ne kuke kokawa a wuri ɗaya. Ka bar ɗan sarari a bolum saboda in jama'a suka cika jikinsu zai sha wani abu daga sautin, kuma mai dirom zai ƙara hannu wajen ƙarfe tara ko ya yi maka alkawarin ba zai ƙara ba.