Kurakuran da aka fi yi wajen gwajin tsimin itatuwan magani

Duk lokacin firojet a nan Jos, sai ɗalibi ya shigo ɗakin gwaji da leda cike da garin ganye, ya ce, "Malam, zan duba ko yana kashe ƙwayoyin cuta." Fuskoki ne kawai ke sauyawa, kurakuran suna nan yadda suke. Bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta.

Tun daga ledar ake fara ɓata aiki. Ka sayo ƙulli a Taminus, mai magani ya ce maka sabara ce. Wataƙila ita ce, wataƙila ya haɗa ta da marke, domin haɗi shi ne sana'arsa. Ka bi wanda ya san itacen zuwa daji, ka yanko reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya, a tantance shi a ɗakin adana samfurin tsirrai, a ba ka lamba. Ka rubuta wuri da wata. Shanya kuma a inuwa ake yi. A watan Agusta, da damshin Jos, kwana kaɗan ganye ya yi fumfuna, don haka ni a kan raga nake bazawa ina juyawa safe da yamma.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne gwaji babu ramin shaida, wato ramin da ake gwama sakamako da shi, domin ya taɓa cinye mini wata uku. Na jiƙa ɓawon maɗaci a metanol, wani ruwan sinadari dangin barasa, na tace, na ƙafar da shi, na ga ya yi kauri kamar madi, na ɗauka ya bushe. Na ɗiga a ramukan farantin da ake shuka ƙwayoyin cuta a kai. Washegari ga fili tas kewaye da kowane rami, ƙwayar Staphylococcus da na shuka ko ɗigo babu. Na cika littafi da lambobi, har na fara rubuta babi na huɗu. Sai wani dattijon ma'aikaci ya ɗaga kwalbar, ya sansana, ya ce, "Ɗana, ina ramin da ka sa metanol zalla?" Babu. Da na sa, shi ma ya buɗe fili. Ban san nawa ne aikin maɗaci, nawa ne na ruwan jiƙo ba, dole na koma farko. Tun ranar, kowane farantina yana da rami na abin narkarwa shi kaɗai, ko metanol ne ko sinadarin DMSO, da wani na sanannen magani irin siprofuloksasin. Tsimi kuwa sai na auna shi sau biyu nauyin bai sauya ba nake yarda ya bushe. Kuma haba, ku daina ɗora shi a kan wuta don sauri! Ni ba na wuce digiri 40.

Ƙwayoyin cutar ma ba a zuba su da ƙiyasin ido. A daidaita gurɓinsu da ma'aunin McFarland 0.5, kaurin aga, wato abincin ƙwayoyin da ke cikin faranti, ya zama milimita 4, a bar su awa 18 zuwa 24 a digiri 37. In an ɗauke wuta cikin dare a sanyin Disamba, inkubeta ta huce, wannan zagayen ya tafi. A sake, kada a rubuta.

Ga gwajin antioksidan, wato ƙarfin tsimi na hana oksijin lalata abu, da ake yi da sinadarin DPPH. DPPH ruwan shunayya ne, yana kodewa zuwa rawaya idan tsimin na da ƙarfi, amma haske ma yana kodar da shi. Na sha ganin kwalba a bakin taga, mai ita na hira a waya. Ka haɗa sabo ranar aiki, ka naɗe kwalbar, ka ba shi minti 30 a duhu, ka karanta a nanomita 517, ka gwama da bitamin C. Tsimi mai duhu irin na bagaruwa a karanta launinsa shi kaɗai a cire. Sannan IC50, wato yawan tsimin da ake buƙata ya kodar da rabin launin, ƙarami shi ne mai ƙarfi. Ɗalibai da yawa suna juya wannan, su yabi tsimin da ya fi rauni.

Kumfar da tsimi ya yi in an girgiza shi, ko baƙi-baƙin da sinadarin ferik kulorayid ya bayar, alama ce kawai ta sinadaran safonin ko tanin, ba ta faɗi yawansu ba. Gwaji sau ɗaya kuma ba sakamako ba ne, sau uku nake yi.

Sai masu rubuta "wannan ganye yana warkar da taifot" don ya buɗe fili a faranti. Ku ji tsoron Allah. Faranti ba shi da hanta, ba shi da ƙoda. Hukumar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja ta samar da maganin Niprisan na masu sikila daga haɗin gargajiya mai masoro da kanumfari da karan dafi, amma sai da aka bi ta gwajin guba da gwaji a jikin marasa lafiya. Abin da ke hannunka shi ne tsimi kaza, a ƙarfi kaza, ya hana ƙwaya kaza tsiro da milimita kaza. Shi za ka rubuta, domin takardar nan tana iya faɗawa hannun uwar da ɗanta ke kwance da zazzaɓi.