Yadda za mu rage takardu da saƙonnin talla a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Abuja. Takardun tallar filaye da makarantu da ake cusa mana ta ƙarƙashin get sun yi yawa, iska ta kwashe su, damina ta zo su toshe kwata. Ku manna sanarwa a ƙofa cewa ba a buƙata, ku kuma ja kunnen maigadi kada ya karɓa.

Tallan da ake turowa ta waya ya fi ci mini rai, musamman a wayoyin iyayenmu. Ku tura STOP zuwa 2442, tsarin toshe saƙonnin talla da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta kawo a 2016, kyauta ne a kowane layi. In kun kai kuka ga kamfanin layinku bai daina ba, ku kira 622, layin kai koke na NCC. Don Allah a daina rubuta lambar waya a takardun gasar kantuna.