Yadda ake gane ramin ƙaguwa a gaɓar Bahar Maliya

In kana Jidda ko Makka, kuma kuna zuwa Shu'aiba shan iska da iyali, lallai ka taɓa ganin ƴan ramuka a yashi, wasu da tulin ƙasa a gefensu. Aikin farar ƙaguwar yashi ne, wadda masana ke kira Ocypode saratan. Ga yadda za ka kalle ta ba tare da ka rusa mata gida ba.

Da farko, zaɓi lokaci. Ka je bayan sallar asuba ko dab da magariba. Da rana ƙaguwar tana can ƙasa inda yashi ke da laima, wani sa'in ma toshe bakin ramin take yi saboda zafi. Nemi gaɓar da mutane ba su cika tattakewa ba, ka duba sama kaɗan da inda igiyar ruwa ke tsayawa. A yankin Jidda cikowa da janyewar teku ta kullum kaɗan ce ƙwarai, don haka layin ramukan ba ya nisa da ruwa.

Na biyu, karanta bakin ramin. Faɗinsa yana nuna girman mai shi: ƙanana sun fi zama kusa da ruwa, manya su hau tudu. In ka ga sabon yashi mai danshi da siraran sawu sun watsu daga bakin, akwai mai gida a ciki. In gefen ya zube, iska ta shafe sawun, an tashi daga nan.

Yanzu ga abin da ya fi burge ni. A lokacin barbara, namiji ba ya watsar da yashin da ya haƙo. Rungumo shi yake yi da ƙafafun gefe guda, ya taka ɗan nesa da ramin, ya zube a wuri ɗaya, ya koma ya sake ɗaukowa, har tulin ya tashi da tsini kamar dalar gyaɗa ta Kano. Wani Bajamushe masanin dabbobi, Linsenmair, ya wallafa bincike a kan wannan a 1967: dalar alama ce, tana jawo mace, tana kuma gaya wa sauran maza kada su haƙa kusa. Ramin irin wannan namiji ba miƙe yake ba, murɗawa yake yi yana gangarawa, kuma ɓangaren da yake murɗawa ya danganta da wane hannun cizonsa ne ya fi girma, na dama ko na hagu.

Na uku, zauna ka yi haƙuri. Ja baya kamar taku goma, ka hana yara buga ƙafa, domin ƙaguwar tana jin motsin ƙasa. Idanunta ne za su fara leƙowa, tsaye a kan sanduna biyu. Da ta ga inuwa ta gifta, ta faɗa ciki. Takan kuma ruga bakin ruwa ta jiƙa abin numfashinta, don in ya bushe ba ta rayuwa.

In kana son ganin siffar ramin, nemi wanda ka tabbata an bari. Dama garin jibs (farin garin filasta, wato POP) da ruwa-ruwa, ka tsiyaya a hankali har ya cika, ka bar shi ya daskare, sannan ka tone gefensa da hannu. Zurfin kan kai kusan mita guda, sai ka yi a sannu kada ya karye. Don Allah kada a zuba a ramin da ke da sabon sawu, kisa ne kawai.

Motarka kuwa, ka ajiye ta can baya a kan ƙasa mai tauri. Taya tana danne ramukan da masu su a ciki, shi ya sa masu bincike ke ƙirga ramukan ƙaguwa in suna son sanin yawan ɓarnar da ake yi wa gaɓa.