Kurakuran da aka fi yi wajen tace baƙin mai da tishu, da yadda ake gyara su

Jama'a masu motoci da masu janareto, wannan filtar da ake cusa wa naɗin tishun banɗaki don ta tace baƙin mai ta daɗe a duniya, tun shekarun 1950 wani Ba'amurke mai suna John Frantz ya fito da ita a Kalifoniya, daga baya kamfanin Motor Guard ma ya yi tasa, kuma har yau a Amurka akwai masu tsofaffin motoci da injinan gas da ba sa rabuwa da ita. Tana aiki in an ɗaura ta daidai. In kuma aka yi mata riƙon sakainar kashi to sai ta ci maka inji, shi ya sa nake so mu bi wuraren da ake tafka kuskure.

Yadda take aiki dai shi ne, ana ɗan tsakuro mai kaɗan daga layin da famfon mai ke turawa, kusan kashi 10 cikin 100 ko ƙasa da haka, ya shiga gwangwanin ya ratsa tishun daga wannan kai zuwa wancan a hankali, ya fito ya koma cikin tukunyar mai ta ƙasan inji. Filtar mota ta asali yawanci dattin da girmansa ya kai maikiron 20 zuwa 40 take kamawa (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ita kuwa ta tishu tana kama wanda ya fi wannan ƙanƙanta sosai, har ɗan ruwan da ke taruwa a cikin mai ma tana tsotsewa. Masu tsoron wai takarda za ta narke a mai su kwantar da hankali, ruwa ne ke narkar da tishu, kuma ita kanta filtar da ka saya a kasuwa yawanci takarda ce a cikinta.

Kuskuren da ya fi ko wanne muni shi ne mutum ya cire filtar asali wai ai ya samu wadda ta fi ta. Don Allah kar ka yi. Inji yana buƙatar mai da yawa cikin sauri zuwa su metal da kan silinda, tishu ba zai iya wucar da wannan adadin ba, in ka tilasta duk man ya bi ta cikinsa fitilar mai za ta kawo, kafin ka ankara inji ya buga. Filtar asali tana nan a wurinta kana canza ta kamar kullum, ta tishu mataimakiya ce kawai a gefe.

Sai maganar tishun kansa, nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Mutum zai shiga shago ya zaɓo mai laushi mai ƙamshi mai zanen fulawa ninki biyu ko uku yana ganin ai mai tsada shi ne mai kyau, alhali shi ne mafi rashin amfani a nan, saboda naɗinsa sako-sako ne, da zarar mai mai zafi ya shiga sai ya lotsa ya buɗe masa hanya, man ya wuce ta gefe ko ta tsakiya ba tare da an tace komai ba, kai kuma kana can kana murna. Wanda ake so shi ne mai ninki ɗaya, mai tauri, wanda aka naɗe shi tamau, in ka matsa da yatsa ba ya lotsawa. A Amurka masu abin sun fi amfani da irin tishun Scott mai fallaye 1000. Kuma dole ya shiga gwangwanin da ƙyar, sai ka ɗan murza kana dannawa, in ya yi girma ka warware ƴan fallaye kaɗan-kaɗan kana gwadawa, in kuwa ya faɗa ciki da kansa to ajiye shi bai yi ba. Ka duba kwalin tsakiya ma, domin kamfanonin tishu sun yi ta ƙara faɗin kwalin suna rage tsawon naɗin, su kuma tsofaffin gwangwanayen an ƙera su ne da ma'aunin tishun wancan zamanin, in kwalin bai kama bututun tsakiya da robarsa ba to mai ta nan zai zurare. Gaskiya yawancin tishun da ke shagunanmu na unguwa laushinsa ya yi yawa, in ba ka samu mai tauri ba gara ka sayi naɗin da kamfanin filtar ke yi musamman don ita, ya fi maka kwanciyar hankali.

Akwai wani ɗan ƙaramin rami a bakin shigar mai, faɗinsa wajen milimita ɗaya da rabi, shi ke hana mai kwarara da yawa. Wani bakaniken in ya gan shi sai ya ce ai toshewa ya yi, ya sa ƙarfe ya buɗa shi. Ya kashe ka kenan, domin ƙarfin man da ya kamata ya je inji zai riƙa tsiyayewa ta can, musamman in mota tana tsaye tana silo. A bar ramin yadda yake. Tiyon dawowa kuma ya sauka inda babu matsi, wato tukunyar mai ko murfin saman inji, in ka haɗa shi da wani layi mai matsi man ba zai motsa ba sam.

Tiyo kuwa kar a yi masa arha, a sa wanda aka yi don mai da zafi, a ɗaure shi nesa da salansa da bel, tiyo ɗaya ya fashe a kan hanya cikin ƴan mintuna mai ya ƙare.

Wani kuskuren shi ne ɗaurawa a manta. Tishu yana cika, kuma in ya cika ba ya ba ka wata alama a dashbod tunda inji yana ci gaba da samun mansa ta ɗaya filtar. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, bayan ka yi tafiya inji ya yi zafi ka taɓa gwangwanin a hankali, in da zafi mai yana zagayawa, in ka ji shi da sanyi to ya toshe ko tishun ya cika. Galibi ana canza shi ne duk bayan kilomita 3,000 zuwa 5,000, mai injin gas ko mai yawan bin hanyar ƙura ya matso da nasa kusa. Kuma duk canji sai ka yi ciko, domin tsohon tishun yana fita da mai kusan lita ɗaya a jikinsa. Ka tayar da inji sabon ya jiƙe, ka kashe, ka jira kaɗan sannan ka duba ma'auni, mutane da yawa kafin tayarwa suke dubawa su ga cike su tafi da mai a ƙasa.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, masu cewa wai in ka ɗaura ta ka gama juye har abada. Tishu datti yake kamawa, ba ya dawo da sinadaran da ke cikin mai waɗanda zafi da aiki ke cinyewa, ba ya cire fetur ko gas ɗin da ya zubo cikin mai ya tsinka shi, in gaskit ya ƙone ruwan lagireto yana shiga ba abin da zai iya yi a kai. Cikon da kake yi yana ɗan sabunta man, shi ya sa wasu ke tsawaita lokacin juye, amma masu yin haka da hankali suna tura man ɗakin gwaji ne a auna kafin su yanke hukunci. In ba ka da inda za a auna maka, ka ci gaba da juye a kan lokacin da littafin motarka ya faɗa, ribarka ita ce injin yana aiki da mai mai tsafta tsakanin juye da juye. Mai injin gas kuma kar ya ga man ya yi baƙi ya ce filtar ba ta aiki, baƙin hayaƙin gas ƙanana ne ƙwarai, wani yana wucewa ko ta tishu.

Kuma mu da ke fama da ƙurar hunturu, yawancin yashin da ke cin ringi ta filtar iska yake shigowa, in ta yage ko ba ta zauna daidai ba to ya riga ya goge silinda kafin ma ya isa cikin mai balle tishu ya kama shi. Duk ranar da za ka canza tishu ka buɗe akwatin iska ka duba robar gefensa da tiyon da ya tafi inji.