Kurakuran da ke kashe cibiyar wasanni ta unguwa tun kafin a aza tubali

Wanda ya zaga unguwar Mabera ko Runjin Sambo a birnin Sakkwato da la'asar zai ga yara na buga ƙwallo a kangon wani, duwatsu biyu ne ragarsu. Ranar da mai kango ya sauke bulo, wasa ya tashi ke nan. Shi ya sa in ƙungiya ta zo da maganar haɗa hannu da ƙaramar hukuma a gina cibiyar wasanni da shaƙatawa, kowa sai sa albarka. Na zauna a irin wannan kwamiti, kuma abin da na gani shi ne ba a wajen gini ake faɗuwa ba. A wajen takarda ne, sai kuma kuɗin da za a riƙa kashewa bayan an yanke kyalle.

A fara da fili. Ciyaman ya karɓe ku a ofis, an sha lemo, ya ce "ku je ku fara, filin naku ne." Kun fito kuna murna, alhali ba ku riƙe komai ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna, ikon ƙaramar hukuma kuwa yana kan na karkara. Don haka a tsakiyar Sakkwato ta Arewa ko ta Kudu, kalamin ciyaman fatan alheri ne kawai. Mu har mun haƙa harsashi wani dattijo ya zo da tsohuwar takarda a cikin leda, ya tsaya ya ce, "'Ya'yana, wa ya ba ku gonar mahaifina?" Muka ce, "Baba, hukuma ce." Ya ce to hukumar ta zo ta faɗa masa da bakinta. Siminti da muka saya sai da ya daskare a shago kafin a sasanta. Gyaran bai da wuya, haƙuri yake so: a nemi takardar mallaka daga ma'aikatar filaye, a kawo safiyo ya kafa duwatsun iyaka, a rubuta ƙarara cewa filin na wasanni ne don kada gobe a yanka shi fuloti, a kuma karɓi izinin gini. Kafin duk wannan, a gaida mai unguwa da uban ƙasa. Su suka san wurin da ke da rigimar gado, da tsohuwar maƙabarta, da inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta.

Kuskure na biyu ɗan'uwan na farko ne: ƙulla magana da mutum maimakon kujera. Ciyaman na tafiya, wani ya zo ya ce bai san zancen ba, kuma gaskiyarsa. A rubuta yarjejeniya, majalisar kansiloli ta amince, kason hukuma ya shiga kasafin kuɗi da sunan aikin. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, to amma hukunci ba kasafi ba ne. Ita ma ƙungiya ta tsarkake kanta. Ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa (CAC) a matsayin amintattu ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ta samu shaidar SCUML, wato sashen yaƙi da halasta kuɗin haram, da bankuna ke tambaya, asusu ya kasance da sunanta, mutum biyu su riƙa sa hannu. Kuɗin jama'a a asusun sakatare, ko waliyyi ne, sai an yi zargi.

Yanzu ga babban. Kowa na son gini, domin gini ana ɗaukarsa hoto, ana manna masa allo da sunan wanda ya bayar. Ba wanda ke son biyan maigadi. Wa zai biya mai shara? In famfon burtsatse ya ƙone fa? Batirin sola yana da wa'adi, ranar da ya mutu daga aljihun wa za a sauya? A taronmu da aka yi wannan tambaya, wakilin hukuma ya dubi shugaban ƙungiya, shi kuma ya dubi silin. Daga nan ake samun ginin da bayan shekara biyu an cire tagoginsa, awaki sun tare, da dare kuma ya zama matattarar masu shaye-shaye, har iyaye su hana 'ya'yansu bi ta wurin.

Shawarata, kafin a zana taswira a zauna a rubuta abin da wurin zai ci duk wata, layi-layi, a sa sunan mai biya a gaban kowanne. In lissafin ya fi ƙarfinku, ku rage ginin, kada ku rage lissafin. Sannan a nema wa cibiyar abin da za ta ci da kanta. Shaguna huɗu ko biyar a jikin katanga ta bakin titi, a mayar da su waƙafi, kuɗin hayarsu na gyara da albashi ne kaɗai. Ba baƙon abu ba ne a garin nan, muna ma da Hukumar Zakka da Waƙafi da za a nemi shawararta kan yadda ake rubuta sharaɗin. Zauren taro kuma a bayar da shi haya don walima ko saukar karatu, da rasit. Sai dai a rubuta tun farko ko 'yan siyasa za su iya amfani da shi, domin da zarar jam'iyya guda ta shafa masa fentinta, rabin unguwa sun daina zuwa.

Akwai kuma kwaso zane daga intanet, na garin da ba ya ganin rana irin tamu. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40. Zaure mai rufin kwano ba silin, ba manyan tagogi, tanderu ne, filin siminti tsirara kuma ba mai taka shi kafin magariba. A dasa dogon yaro tun ranar da aka samu takarda, a kewaye kowane da keji saboda dabbobi, kafin gini ya ƙare an fara samun inuwa. A sa fitilu, domin ainihin lokacin wasa a nan bayan la'asar ne da bayan isha'i. Masu mafarkin tafkin ninƙaya kuwa, su fara gaya mana inda ruwan bayi zai fito.

Ba sai an kwaikwayi filin wasa na Giginya ba. Kokawa da langa yashi kawai suke so, dattawa masu dara kuwa inuwa da benci.

Abin da aka fi mantawa, kuma ya fi ba ni haushi, shi ne mata. Ana kiran taron jin ra'ayi da dare a ƙofar gidan mai unguwa, maza zalla, sai a rubuta cewa al'umma ta amince. Bayan an buɗe a yi ta mamakin rashin zuwan 'yan mata. Wace uwa za ta tura 'yarta wurin da ƙofa ɗaya ce, samari sun tsaya cirko-cirko a bakinta? A tura mata su tattauna da mata, a islamiyya ko a gidan wata Hajiya da ake jin maganarta. Abin da suka ce mana bai wuce huɗu ba: ƙofarsu daban, bayinsu daban, ranakunsu sanannu, mace ce kuma za ta riƙe makulli a waɗannan ranakun. A tuntuɓi limamin masallacin da ke kusa kan lasifika da tsayar da wasa lokacin salla. Ƙofa ta biyu a kan takarda layi ɗaya ce mai zane zai ja, in an gama gini kuwa sai an fasa katanga, an sake kiran magini.