Darasi na 7: Yadda Mai Jinya Zai Gane Cutar Mantuwa

Kowa yana mantuwa. A ajiye makulli a neme shi a rasa, wannan ba ciwo ba ne. Amma idan dattijo ya riƙe makullin a hannu ya kasa sanin amfaninsa, to, a sa ido. Mutane sukan ce "ai tsufa ne". Tsufa kaɗai ba ya kawo haka. Cuta ce mai cin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Nau'in da ya fi yawa shi ne Alzheimer, sunan likitan Jamus da ya bayyana shi a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu wannan ciwo.

Likita yana ganin mara lafiya na ɗan lokaci. Ku masu jinya kuwa kuna tare da shi wajen wanka da ci da kwanciya, saboda haka ku ne za ku fara gani. Zai yi tambaya ɗaya sau biyar. Kalma ta ɓace masa, ya ce "miƙo mini abin nan" alhali cokali yake nufi. Hannunsa lafiya lau, amma ya kasa sa maɓallin riga. Wani tafiyarsa takan canja, yana jan ƙafa, yana yawan faɗuwa. Wani yakan ga mutane a ɗaki alhali ba kowa. Kada ku yi masa musu, tsoro yake ji. Ku kwantar masa da hankali. Da yawa kuma ruɗewarsu takan tsananta da yamma.

Ku kula da haɗiya sosai. Tari ko ƙwarewa lokacin shan ruwa na iya sa abu ya shiga huhu ya jawo ciwo.

Ga abin da nake so ku riƙe da kyau. Cutar mantuwa tana ɗaukar watanni da shekaru. Idan mutum ya ruɗe farat ɗaya, jiya garau yau bai san inda yake ba, a kira likita nan take. Sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani da yake sha, kuma ana iya warkar da shi. Idan baki ya karkace, hannu ɗaya ya mutu, magana ta sarƙe, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A garzaya asibiti.

Aiki: ku samu ƙaramin littafi. Ku rubuta rana da lokaci da abin da kuka gani da idonku, misali: "Talata, ƙarfe 5 na yamma, bai gane 'yarsa ba."